Katunan jarunta: kundin aikina da 'yan ajin yamma

Asabar, 4 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne don kada aikin nan ya bi sahun 'yan'uwansa da na fara da zafi na watsar. Tambaya ɗaya ce ta jawo shi. Ina koyar da Turanci da yamma a zauren gidanmu, yara goma sha bakwai, duk masu shirin JAMB da WAEC. A wata takardar gwaji aka kawo jimla a kan 'yan fashin da suka shiga banki da rana tsaka, aka bar gurbi, aka ce a siffanta su da ɗaya daga cikin brave, gallant, valiant da audacious. Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ce, "Malam, ai a ƙamusun wayata duk huɗun jarumi ne. To wanne za mu ɗauka?" Na buɗe baki, sai na tarar kunne kawai nake da shi. Na san wadda ta zauna daidai a wurin, amma hujja babu. Na ce ta bari sai mako mai zuwa. Yau mako shida ke nan, kuma duk ranar da muka haɗa ido sai in ji kamar bashi take bi na.

Ga tsarin da na yanke. Kowace kalma kati guda. A gaba kalmar da jimlar misali, a baya inda ta fito, abin da take nufi tun farko, lokacin da ta shiga Turanci, da kalmar Hausar da ta fi kusa da ita. Kalmomi arba'in nake hari, in gama kafin azumi, a buga ɗan ƙaramin littafi a raba wa yaran. Doka ɗaya na kafa wa kaina: biro ba zai taɓa kati ba sai ƙamus biyu sun ba da shaida iri ɗaya. Kafin nan fensir.

Kuɗin da ya fita yau: farin kwali guda shida naira 3,000, biro baƙi da ja 600, data 2,000.

Talata, 7 ga Janairu

Da courage na fara, na ɗauka aikin minti goma ne, ta cinye mini dare biyu.

Tushenta cor, wato zuciya a harshen Latin. Daga nan tsohon Faransanci ya ƙera corage, Turanci ya ara wajen shekarar 1300. Abin da ya tsayar da ni shi ne faɗin ma'anarta a wancan lokaci. Duk abin da ke cikin ƙirjin mutum ta ɗauke shi: niyya, sha'awa, hali, har da fushi. Chaucer, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita ga tsuntsayen watan Afrilu waɗanda ɗoki ya hana su rufe ido da dare, ya ce halitta ce ke tsikarar corage ɗinsu. Tsuntsayen nan ai ba fagen fama za su ba. Sannu a hankali ma'anar ta tsuke, har ta rage abu ɗaya, tsayuwa gaban abin tsoro.

Wannan tsohuwar courage ɗin sak zuciyar Bahaushe ce. Muna cewa ƙarfin zuciya, muna cewa wane ya yi zuciya in ya fusata ya tafi, muna cewa mutuwar zuciya ga ƙaton da ya ƙi neman na kansa. In aka ce maka ba ka da zuciya, zagi ne mai zafi. A Sifaniyanci har gobe coraje na ɗauke da jarunta da fushi a tare. Don haka a bayan katin na soke jarunta da na fara rubutawa, na sa ƙarfin zuciya.

Danginta sun fi yadda na zata yawa. Encourage da discourage a fili suke, sa wa mutum zuciya da cire masa ita. Amma cordial da accord da discord ma duk 'ya'yan cor ne. Har record, wadda asalinta maido da abu cikin zuciya. Su a zuciya suke ajiye hadda, shi ya sa suke cewa by heart. Mu kuwa da ka muke kawo karatu.

Na nuna wa abokina ɗan Maraɗi mai shagon yadi katin. Dariya ya yi har da tafa hannu, ya ce kalmar da na yi dare biyu a kanta ita suke jefa wa masu dako a tasha: bon courage, ko du courage, kamar yadda za ka ce sannu da aiki. Na ƙara wannan a ƙasan katin.

Alhamis, 9 ga Janairu

Babu wuta tun jiya, waya ta mutu. Na zauna na yanka katuna sittin da almakashin maiɗakina, ta ce in ya dakushe ni zan kai wa mai washi.

Asabar, 11 ga Janairu

Tambayar da ta hana ni sukuni: in courage baƙuwa ce ta 1300, me mutanen Ingila ke cewa kafin ta zo? Ai ba za a ce ba su da jarumai ba.

Suna da kalmominsu, kuma abin da ya same su shi ne mafi daɗin abin da na karanta zuwa yanzu. Akwai ellen, wadda ta ɓace gaba ɗaya. Akwai mod, mai nufin zuciya da ƙarfin hali. Ita ce mood ta yau. Modig a da mutum ne mai zuciya da ji da kai, yanzu moody mai yawan kumbure-kumbure ne wanda ba a san gabansa ba. 'Yar'uwarta a Jamusanci, Mut, tana nan da ma'anarta ta jarunta. Haka cene, jarumi, ta koma keen, mai kaifi ko mai ɗoki, alhali kühn ta Jamusanci ba ta motsa ba. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne bold da dare. Doughty ma tana nan, amma ta tsufa, sai a tsofaffin littattafai ko in ana raha.

Dalilin yana cikin shekarar 1066. A ranar 14 ga Oktoba Wiliyam na Nomandi ya ci sarkin Ingila a yaƙin Hastings, daga nan fada da kotu da manyan mayaƙa suka koma Faransanci. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da Turanci, kusan shekara ɗari uku ke nan. Wanda ke riƙe da takobi da doki shi ke raɗa wa jarunta suna, shi ya sa valour da valiant da prowess da hardy da chivalry duk suka shigo a wannan tsakani. Chivalry ma daga cheval take, wato doki. Da na ga haka sai barde ya faɗo mini a rai, wanda shi ma ba a raba shi da sirdi.

A aji na kwatanta musu da yadda alƙali da shari'a da hukunci da adalci suka shigo mana daga Larabci, suka zauna a kujerun sama na harshe. Na ja kunnensu cewa kwatancen na da iyaka, don namu malamai da fatake ne suka kawo.

Shawara: baƙin biro ga kalmomin gida, jan biro ga waɗanda suka zo ta Faransanci a zamanin barade. Ina buƙatar launi na uku ga kalmomin 'yan boko masu kamannin Latin ƙarara, irin su intrepid da fortitude da audacious. Shuɗin biro, naira 300.

Laraba, 15 ga Janairu

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Tun safe rediyo da jaridun Turanci ke ta gallant troops da fallen heroes, sai na ce yau ranar gallant ce.

Wallahi da ban gani a ƙamus biyu ba da na ce ƙarya ne. Asalinta galer, tsohon Faransanci, yin shagali da annashuwa. Dangin gala ce, wato biki. Gallant na farko ɗan gaye ne mai ado da iya shiga taro. Daga nan ta ɗauki jarunta, ta kuma ɗauki iya tarairayar mata. Har yau ma'anonin biyu na raye, kuma masu shirya jarrabawa na son wannan tarkon.

Valour ta fi ta nauyi. Daga valere take, zama da ƙarfi ko zama da daraja, gida ɗaya da value da valid da prevail. Kamar ana cewa a fagen fama ake sanin kuɗin mutum. Lambar yabo mafi girma ta sojan Birtaniya, wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1856 gab da ƙarshen yaƙin Kirimiya, kalma biyu ce a jikinta: For Valour. Wadda Sarki Joji na shida ya kafa a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, don bajintar da ba a gaban abokan gaba aka yi ba, an rubuta mata For Gallantry. Na sa bajinta a bayan valour, sadaukantaka a bayan gallantry, duk da fensir tukuna.

Katuna tara sun kammala.

Asabar, 18 ga Janairu

Brave. Kalmar da kowane ɗan firamare ya sani, ashe ita ce 'yar auta a cikin manyan. Sai ƙarshen ƙarni na 15 ta shiga Turanci ta hannun Faransanci, shi kuma daga bravo ta Italiyanci. A can tana ɗauke da warin daji, abin da ba a hore ba. Mutanen Sifaniya har yau toro bravo suke kiran bijimin da ake wasan kasada da shi. A Italiya ta ƙarni na 16 kuma bravo ɗan daba ne da masu kuɗi ke haya ya yi musu kisa. Kalmar dai ce ake ihu da ita a yau in mawaƙi ya burge.

Da ta iso Ingila sai ta ƙara wani hali, ado. A zamanin Shakespeare in aka ce mutum brave ne, yana iya zama ya ci kwalliya ne kurum. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 an yi amfani da bravery ga kayan ƙawar mata masu ƙara a ƙafa. Wannan ne karo na biyu da na tarar da ado da jarunta a tukunya ɗaya, bayan gallant. Da na tuna hawan sallah sai abin ya daina ba ni mamaki. Wa ya taɓa ganin barde ya fito a yamutse?

Bravado kuwa kurin banza ce, buga ƙirji ba tare da komai a ciki ba. Wannan katin bai ba ni wahala ba, don cika baki ta zauna masa cif.

Talata, 21 ga Janairu

Yau na sha kunya, kuma ni na jawo wa kaina.

Daren Lahadi ina sauri, data ta kusa ƙarewa, na zo kan audacious. Na ga aud a farkonta, na tuna audio da audience da audible, duk daga audire, wato ji. Sai na ƙulla labari a kaina: audacious shi ne wanda ke yin abin da za a ji labarinsa. Ya yi mini daɗi har na tsallake dokata, na rubuta da shuɗin biro ba tare da na buɗe ƙamus ko ɗaya ba. Jiya Litinin na koyar da shi a aji, har da misalai, yara suna ta rubutawa.

Da daddare ƙanena da ke karanta lauya ya zo cin tuwo, ya ɗauki katin yana juyawa. Ya ce, "Yaya, wannan fa kamar ba haka ba ne. Audire daban, audere daban." Na ce yaushe ka zama malamin Latin? Ya ce 'yan kalmomin da ake tilasta musu haddacewa ne suka sa ya saba duba irin wannan. Muka buɗe waya. Gaskiyarsa. Audacious daga audax take, ita kuma daga audere, yin ƙuru. Harafi ɗaya ne tsakaninta da audire, kuma ba su haɗa ma'ana ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da na ƙirƙira ya fi na gaskiyar daɗin faɗa, don haka shi zai fi zama a kan yara. Yau na shiga aji na ce kowa ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan abin da na faɗa jiya. Na yaga katin a gabansu. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, wannan shi ne courage ko audacity?" Aka kwashe da dariya, ni ma na dara.

Na bi sauran katuna goma sha uku ɗaya bayan ɗaya na sake tantancewa. Babu wani kuskuren, amma dare ya tafi. Sabuwar data 2,000.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yaron shekaranjiya ya zo da nasa: wai coward daga cow take, don saniya matsoraciya ce. Na ce wanda ya taɓa gamuwa da saniya mai jego ba zai faɗi haka ba, sannan na ba shi waya ya duba da kansa. Daga coart take, tsohon Faransanci, tushenta coe, wutsiya, daga cauda ta Latin. Hoton karen da ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ke nan. A tatsuniyoyin dabbobi na Faransa ta da, sunan zomo ke nan, Coart. Mu zomonmu wayo aka san shi da shi. Queue ma wutsiyar ce, don haka layin gidan mai da na matsoraci kakansu ɗaya.

Asabar, 25 ga Janairu

Ba aiki. Ɗaurin aure a Zariya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makon nan na faɗa cikin rukunin da ban shirya masa launi ba, kalmomin kasuwa da 'yan dambe.

Pluck fizga ce ko figa, kamar figar kaza. Mahautan Ingila suna kiran zuciya da hanta da huhun dabba pluck, don tare ake fizgo su. A ƙarshen ƙarni na 18 'yan dambe suka ɗauke ta suka mayar da ita ƙarfin hali: wane yana da pluck, wato kayan cikinsa sun cika. Guts, hanji, ta bi wannan hanyar a ƙarshen ƙarni na 19. Da safe na je wajen kawuna a mahauta sayen nama, na tsaya ina kallo yaronsa ya zaro huhu da zuciya da hanta a haɗe, suna reto a maƙogwaro ɗaya. Na ce, "Kawu, ka san Turawa da wannan suke auna jarumi?" Ya ce, "To ai sai su zo nan su saya, kilo nawa suke so?"

Hanta ta ba ni abin da ban zata ba. Turawan da sun ɗauka a hanta jarunta take, kuma hantar matsoraci ba ta da jini, fara ce fat kamar furen lily. Daga nan lily-livered ta fito, wadda Shakespeare ya yi zagi da ita. Mu ma in tsoro ya kama mutum cewa muke hantar cikinsa ta kaɗa. Babu wanda ya ara daga wani, kowa jikinsa ya saurara.

Inda muka rabu shi ne gwiwa. Encourage a zuciya take aiki, mu kuwa ƙwarin gwiwa muke bayarwa, kuma in aka discourage ɗin mutum gwiwarsa ce ta yi sanyi. Suna da weak-kneed, amma ba ta kai tamu aiki ba.

Sauran na rukunin a gurguje. Grit tsakuwa ce, Amurkawa suka mayar da ita naci da cijewa a farkon ƙarni na 19. Mettle ita ce metal, ƙarfe, kalma ɗaya mai rubutu biyu, sai a ƙarni na 18 aka raba musu gado. Nerve jijiya ce, kuma tana da fuska biyu, dakiya a wani wuri, tsaurin ido a wani wuri. Na ja wa yara kunne: guts da nerve na hira ne, kada in gan su a wasiƙar neman aiki.

Katuna ashirin da shida. Rukunin nan na bar shi da fensir mai duhu, na ƙi sayen biro na huɗu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Shuɗaye uku. Intrepid, wanda jikinsa ba ya karkarwa, daga trepidus, ta shigo a ƙarshen ƙarni na 17. Dauntless, daga domitare, horar da dabba, wato ingarman da linzami bai lanƙwasa ba. Ita da jan biro ta dace don ta Faransanci daunt ta biyo, na gyara. Fortitude daga fortis, ƙarfi, dangin force da effort da comfort. Hero daga Girkanci. Na yi kati na musamman a kan heroine da heroin, don harafi ɗaya ne ya raba jaruma da ƙwaya. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya fito da ƙwayar kasuwa a 1898 a matsayin maganin tari, sunan kuma daga tushen hero aka ƙera shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwanakin baya aji ya kusa tashi a kan virtue.

Na sa ta a jerin ne don asalinta. Vir namiji ne a Latin, virtus kuma mazantaka, ƙarfin hali a yaƙi. Girkawa ma andreia suke cewa, daga kalmarsu ta namiji, tushen sunan Andrew ke nan. Na ce musu mu ma haka muke: mazantaka, mazan jiya, wane ya yi ta maza, har mace in ta yi abin kirki sai a ce ta yi namijin ƙoƙari. Sannan na ƙara da abin da ya fi ban dariya, cewa zuwa ƙarshen ƙarni na 16 virtue a Turanci ta ɗauki har da ma'anar kamun kan mace. Kalmar mazantaka ta ƙare a ɗakin mata.

Yarinyar layin gaba ta ce, "Malam, to mu ba mu da kalma ke nan? Sarauniya Amina ma sai an ara mata ta maza?" Maza suka fara ihu, mata suka mayar. Na rasa ta cewa, sai na ce kowa ya je gida ya tambayi tsohuwar gidansu me take kiran ƙarfin halin mace. Da na ba maiɗakina labari ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce wanda bai taɓa durƙusawa naƙuda ba shi ya raɗa wa abin suna.

Yau amsoshi suka dawo: dauriya, juriya, haƙuri, kawaici, cijewa. Ko ɗaya babu takobi a ciki. Kuma a duk katunana ɗaya ce kawai ta yi daidai da su, fortitude, ƙarfin zama cikin wahalar da ba ta da ranar ƙarewa. Na yaga jimlar misalin da na fara sa mata ta soja a rami, na rubuta ta uwar da ta yi jinyar ɗanta wata shida a asibiti.

Daga yau na cire layin da ke cewa "ma'anarta da Hausa" a duk katunan, na mayar da shi "inda Bahaushe zai ce". Jadawalin kalma da kalma da na yi niyya tun farko ba zai yiwu ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Katuna talatin da huɗu, a nan na tsaya. Shidan da suka rage, irin su stalwart da temerity, sai zagaye na biyu. Na kai wani shagon buga takardu a bakin kasuwa, shafi ashirin da huɗu. Kuɗin bugawa a kwamfuta 6,000, na ba da rabi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na karɓo gwaji na zauna a benci ina dubawa, sai gumi. Yaron shagon ba shi da haruffa masu ƙugiya a kwamfutarsa. Wasu wurare 'yan akwatuna suka fito, da ya ga haka sai ya bi sauran ya mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, bai tambayi kowa ba. Kalmomin baƙin biro suka koma na bakin biro. Tsuntsayen Chaucer da ɗoki ya hana barci, yanzu doki ne ya hana su. A ɗan littafin da duk maganarsa harafi ɗaya na iya sauya kalma, kuma bayan abin da audere ta yi mini.

Mai shagon ya ce ai kowa zai gane. Na ce ni ban gane ba. Muka ja, daga ƙarshe aka daidaita: zan buga rubutun da kaina a waya, inda haruffan suke, in mayar da shi PDF in tura musu, su aikinsu fitarwa da kwafi kawai. Rabin kuɗin da na bayar ya tafi. Dare uku zan yi ina latsa waya da babban yatsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An fitar. Kwafi ashirin, kowanne naira 900 har da ɗinki da bango, 18,000. In na haɗa da kwali da biro da data da asarar makon jiya, aikin ya ci 28,900. Iyayen yara goma sha ɗaya sun ba da dubu ɗaiɗai, sauran na yafe.

Kafin in raba, na rubuta tsohuwar jimlar 'yan fashin a allo da zaɓinta huɗu. Goma sha huɗu suka ɗauki audacious, biyu brave, ɗaya gallant. Na ce wa yarinyar layin gaba ta faɗi dalili. Ta ce, "Ukun kirari ne, Malam, kuma ba a yi wa ɓarawo kirari. Audacious ce kaɗai ke ɗaukar ƙuru da tsaurin ido." Na ce bashi ya biyu. Ta ce saura kaɗan, don katin brave ya ce bravo ɗan daba ne a Italiya, to masu brave biyun nan a ba su rabin maki mana. Na ce ta rubuta wa JAMB.

An gano kuskure biyu a bugun: shafi na 9 an rubuta 1326 maimakon 1362, shafi na 17 kuma layin ƙarshe ya yanke. Kowa ya gyara nasa da biro. Bayan sallah zan ƙarasa shidan da suka rage, in shiga kalmomin tsoro. Na riga na yanka katuna, panic ce a sama, kuma almakashin na wajen mai washi.